Lita Nawa Kubik Ɗaya Ke Sha? Ƙiyasta Man Dizal da Hayaƙi a Aikin Ƙasa a Sabon Birni da Isa

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda za a ƙiyasta man dizal da manyan injuna ke sha wajen haƙa da jigila da danne ƙasa, da kuma hayaƙin da ke biyo baya, a ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa na gabashin jihar Sakkwato. Hujjarta ita ce, ma'aunin da ya dace da wannan aiki shi ne lita nawa aka ƙona a kan kowane kubik mita na ƙasar da aka danne ta zauna. Idan aka auna haka, za a ga cewa nisan kududdufin da ake haƙo ƙasa da ɗibar ruwa da zaman jira sun fi tsufan inji cin mai a wannan yanki.

Ƙasar da aka saba ɗauka

Ɗaukar ƙasa daga nan a kai can tsohuwar sana'a ce a Gobir. Ganuwar Alkalawa, birnin da Sarkin Gobir Babari ya kafa a tsakiyar ƙarni na 18, wanda masu jihadi suka ci a 1808, da kwando da mangalar jaki aka tara ta. Kufanta na nan a ƙasar Sabon Birni. Makamashin wancan aiki gero ne, ana kuma iya lissafa shi da dami.

Babban aikin ƙasa na zamani da yankin ya gani shi ne madatsar ruwan Goronyo a kan gulbin Rima, wadda aka kammala a 1984. Tulin ƙasa ce mai tsawon kimanin kilomita 12.5, tsayinta ya kai mita 21, an kuma tsara ta ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Duk wanda ya bi ta kanta a mota ya san cewa kowane taku na wannan tudu katafila ce ta turo shi, tifa ta kawo, rola ta danne. A lokacin mai yana da araha, maganar ɗumamar yanayi kuwa ba ta shigo ofisoshin gwamnati ba, don haka man da aka sha bai zama abin tattaunawa ba.

Yau lissafin ya canza. Dizal, wanda direbobi ke kira gas, ba ya cikin man da gwamnati ke wa tallafi tun kafin a cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. A farkon 2022 litarsa ba ta kai naira 300 ba, amma kafin shekarar ta ƙare ta haura 800. A watan Afrilun 2024, da matatar Dangote ta sauko da farashinta daga naira 1,200 zuwa 1,000, sai aka ɗauki abin a matsayin sauƙi. Kuma wannan farashin bakin matata ne a Lekki. Kafin tanka ta yi tafiyar sama da kilomita 1,000 ta iso Sakkwato, sannan a sake kwasar man a kai Isa, ita kanta jigilar ta sha nata rabon.

A bakin kududdufi

Mai son fahimtar inda man ke tafiya, ya je bakin kududdufin da ake haƙar burji da safe. Kafin rana ta ɗaga an tada injin haƙa, yana ta ruri. Tifofi shida sun jeru a bayansa, duk a kunne. Ta farko ta cika ta tafi, ta biyu ta matso, sauran huɗu na silo, direbobinsu na ƙarƙashin inuwar aduwa suna shan fura. In an tambayi ɗaya me ya hana shi kashe mota, amsar ba ta wuce biyu: batir ba shi da ƙarfi, in ta mutu sai an tura, ko kuma an saba haka. Bayan sa'a guda sai lamarin ya juye. Tifofin duk sun tafi sun cushe a wurin sauke kaya, mai injin haƙa ya ɗora ƙafa a kan gilashi yana jiran su dawo, injinsa na ci gaba da sha.

Da yamma mai kula da sito zai rubuta a littafinsa cewa an zuba wa injin haƙa lita kaza, kowace tifa lita kaza. Littafin ba ya faɗin tafiya nawa kowace tifa ta yi, balle ƙasa nawa ta zauna a kan hanya. Wannan shi ne rauninsa. Litar wuni tana nuna abin da aka kashe ne kawai, ranar da aka yi aiki tuƙuru da ranar da aka wuni ana jira duk kamarsu ɗaya a takarda. A cikin wannan duhu ne kuma jarkar da ke sulalewa ta koma hannun 'yan bumburutu take ɓuya.

Yadda ake lissafin

Hanyar ƙiyasi ba ta da wuya. Ana ɗaukar ƙarfin inji a kilowat, a ninka shi da kason ƙarfin da ake amfani da shi a zahiri, sannan a ninka da man da inji ke ƙonawa don samar da kilowat ɗaya na sa'a guda. Injin dizal mai lafiya yana cin kusan kilo 0.22 zuwa 0.25 a kan wannan ma'auni, litar dizal kuma nauyinta kusan kilo 0.84 ne. Littattafan da kamfanoni irin su Caterpillar da Komatsu ke bugawa sun sauƙaƙa abin, sun jera kowane inji da litar da yake sha a sa'a a aiki mai sauƙi, matsakaici, da mai tsanani.

Daga mai zuwa hayaƙi taki ɗaya ne: kowace litar dizal da aka ƙona tana sakin kusan kilo 2.68 na iskar kabon mai ɗumama duniya. Ɗalibai kan yi mamakin yadda abin da bai kai kilo ɗaya ba zai haifi kusan kilo uku. Dalili shi ne kabon ɗin da ke cikin man yana haɗuwa da iskar da injin ya shaƙa, nauyin biyun ne ke fita ta salansa.

Ga lissafin misali, wanda alƙalumansa ƙaddarawa ce don a ga yadda abin ke tafiya. A ɗauka za a ɗaga hanya mai tsawon kilomita ɗaya a gefen fadama, faɗinta mita 10, tsayin cikon mita ɗaya. Ana bukatar kubik mita 10,000 na dannanniyar ƙasa. Amma ƙasa tana kumbura in an haƙo ta, ta kuma tsuke in an danne ta, saboda haka abin da tifa za ta ɗauka ya kai kamar kubik 13,000. In tifa na ɗaukar kubik 10, tafiya 1,300 ke nan.

Injin haƙa mai ƙarfin kilowat 110, yana aiki da kashi 60 cikin ɗari na ƙarfinsa, zai sha kusan lita 19 a sa'a. In yana loda kubik 100 a sa'a, aikin zai ɗauke shi sa'a 130, ya sha kamar lita 2,470. A ware wa gireda da rola da tankar ruwa lita 3,000. Saura tifa. A ƙaddara tana shan lita 0.45 a kilomita. In kududdufin yana da nisan kilomita 5, zuwa da dawowa kilomita 10 ne, jimillar tafiye-tafiyen lita 5,850. Duka aikin ya tashi a kusan lita 11,300, wato lita 1.1 a kan kowane kubik, da kusan tan 30 na iskar kabon.

Yanzu a matsar da kududdufin zuwa kilomita 15, kada a taɓa komai. Tifofi kaɗai za su sha lita 17,550. Aikin ya koma lita 23,000, kubik ɗaya na shan lita 2.3, iskar kabon ta haura tan 60. Hanya ɗaya ce, injuna ɗaya, ma'aikata ɗaya, amma man ya ninka. Da wuya a sami sabon injin dizal a kasuwar duniya da ke rage mai da rabi, alhali ga shawarar da ake yankewa a rana ɗaya, wani lokaci a cikin mota ba tare da an sauka ba, tana ninka shi.

Wannan ya sa binciken ƙasa kafin fara aiki ya fi komai riba a nan. Ƙasar Isa da Sabon Birni tana kan shimfiɗar da masana duwatsu suka laƙaba wa sunan Gundumi, garin da ke kan hanyar Marnona zuwa Isa. Yashi ne da tsakuwa da yumɓu a cakuɗe, ga jigawa a sama, ga laka a fadamun Rima da Bunsuru da Gagare da gulbin Maraɗi. Burji mai kyau ba ko'ina yake ba. Ɗan kwangila yakan koma tsohon ramin da kowa ya sani, ko da ya yi nisa, domin neman sabo yana bukatar haƙa ramukan gwaji da zama da hakimi da masu gona a kan diyya. Amma kuɗin ramukan gwaji ashirin bai kai kuɗin man tifofi na mako guda ba. Haka nan ba kowane sashe na ciko ke bukatar burji ba. Ƙasan ciko na iya ɗaukar ƙasar da aka yanke daga tudun da ke kusa, a bar burji mai tsada wa saman hanya. Injiniyoyi na da tsohon zane na daidaita yanka da ciko wanda ake koyarwa a kowace kwalejin fasaha, sai dai sau da yawa a aji ake barinsa.

Akwai kuma hanyar da tifar ke bi. A jadawalin masu ƙera injuna, turjiyar da taya ke fuskanta a kan hanya mai tauri kusan kashi 2 cikin ɗari ne na nauyin mota, a cikin sakakken yashi kuwa tana kai kashi 10. Duk direban da ya taɓa kafewa a rairayin jigawa ya san wannan a jikinsa. Gireda ɗaya da za ta riƙa gyara hanyar kududdufi tana shan mai, amma tana ceto wanda ya fi shi daga tifofi goma.

Abin da matan daɓe suka sani

Tun kafin injiniya Ralph Proctor ya wallafa gwajinsa a Amurka a 1933, matan da ke daɓen ɗaki a ƙasar Hausa sun san dokar. Busasshiyar ƙasa ba ta daɓuwa, sai dai ta watse a ƙarƙashin madaɓi. Wadda ruwa ya yi wa yawa kuma sai ta manne ta yi ta motsi. Akwai wata laima a tsakani da ƙasa ke karɓar duka ta zauna. Proctor ya mayar da wannan sani lamba, har yau kuma da shi ake aiki a kowace hanya.

Matsalar ita ce lokacin aikin hanya a Sakkwato rani ne, daga ɗaukewar ruwa a Oktoba zuwa faɗuwarsa a Yuni. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. In ƙasa na bukatar a ƙara mata laima kashi 6 cikin ɗari, kubik ɗaya mai nauyin kusan tan biyu zai sha sama da lita 100 na ruwa. A wancan misali na kilomita ɗaya, ruwan ya haura lita miliyan ɗaya, tafiyar tanka mai lita 10,000 sama da ɗari, ban da wanda rana da iskar hunturu za su shanye kafin rola ta iso. Tankar da ta yayyafa ruwa da azahar rabin aikinta na banza ne. Jiƙa ƙasa tun a kududdufi da yamma, ko yayyafi da asuba a bi da rola nan take, ko tsara manyan cike-cike su faɗo a watannin Oktoba da Nuwamba lokacin ƙasa na da sauran danshi kuma tafkuna ba su ƙafe ba, duk suna rage tafiyar tanka ba tare da an sayi komai ba.

Ita ma rola tana da iyaka. Bayan bi shida zuwa takwas a kan shimfiɗa mai kaurin da ya dace, abin da ƙasa ke ƙara tsukewa kaɗan ne. Ɗan gajeren filin gwaji a ranar farko zai nuna adadin da ya isa. In ba a yi ba, mai rola zai yi ta kai da kawowa har sai an ce masa ya isa.

Man da rashin tsaro ke sha

Littattafan ƙiyasi an rubuta su ne don wuraren da inji ke kwana inda ya yi aiki. A gabashin Sakkwato ba haka abin yake ba. Shekarun da 'yan bindiga suka addabi Isa da Sabon Birni da maƙwabciyarsu Shinkafi sun ƙara wa kowane aiki wani kashi na mai da ba ya cikin kowane jadawali. Injuna kan koma cikin gari da yamma su fito da safe, gireda da rola na tafiya a kan tayoyinsu kilomita da dama ba su taɓa ƙasa ba. Ana jiran rakiyar jami'an tsaro kafin a fita, injuna a kunne saboda kowa na son ya iya juyawa da sauri. Wunin aiki ya gajarce, amma ɗumama inji da zirga-zirga ba su ragu ba. Kududdufi mai kyau da ke kusa da daji sai a bar shi a tafi mai nisa da ke bakin titi.

A watan Satumban 2021 gwamnatin jihar ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta umarci matafiya su zagaya ta Goronyo da Sabon Birni, ta kuma hana sayar da mai a jarka. A watan ne aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da waɗannan biyu. Ga mai aikin ƙasa, kowanne daga cikin matakan nan yana da fassara a lita. Zagaye ƙarin tafiya ne ga duk tankar da ke kawo masa mai. Katse layi kuma yana taɓa na'urorin da ake alfahari da su, irin su KOMTRAX na Komatsu da Product Link na Caterpillar, waɗanda ke aika rahoton mai da sa'o'in silo zuwa ofis, domin da yawansu da layin waya suke aiki.

Saboda haka takardar nan ta fi karkata ga abin da ba ya bukatar layi: agogon sa'o'i da ke jikin kowane inji, sandar auna tanki, da yaro mai littafi a bakin kududdufi yana ƙirga tifa. Da waɗannan uku ana iya fitar da lita a kan kubik kowace yamma. Ya kamata kuma mai ƙiyasi ya ware man tsaro a layinsa daban, a rubuce, maimakon a cusa shi cikin farashin kubik inda ba mai ganinsa.

Hayaƙi iri biyu

Abin da ke fita ta salansa kashi biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Iskar kabon ba ta da launi, tana bin yawan man da aka ƙona sak, ba a rage ta sai an rage lita. Baƙin hayaƙin da ake gani kuwa, da ƙananan ɓurɓushin da ke shiga huhu, sun danganta da lafiyar inji da tsabtar mai. A 2012 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar huhu. Wanda ya fi shaƙarsa shi ne lebura mai tuta da ke tsaye a bayan tifa, da mai tallan abinci a gefen aiki.

Amurka da Turai sun rage wannan hayaƙi da dokoki masu hawa-hawa, har suka kai matakin Tier 4 a Amurka da Stage V a Turai. Sai dai injunan wannan mataki suna bukatar dizal da farar wutar cikinsa ba ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin miliyan ba. Nijeriya ta daɗe tana karɓar mai mai kashi 3,000, abin da rahoton ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ya tona a 2016. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da kashi 50. Ko an cika wannan alƙawari a kowane gidan mai, bai kai tsabtar da matatar hayaƙin sabon inji ke so ba. Shi ya sa makanikai kan cire ta daga injunan da aka shigo da su na hannu. Wanda ya rubuta a takardar kwangila cewa sai inji mai Tier 4 zai yi aiki a garuruwan yankin irin su Gatawa ko Tsamaye, ya rubuta abin da ba zai tabbata ba.

Birnin Oslo na Norway ya gwada aikin titi da injunan lantarki zalla tun 2019, Komatsu kuma ta fitar da injin haƙa mai haɗa dizal da lantarki tun 2008. Abin sha'awa ne, amma garin da wutar gida ma ba ta samu ba, ba a nan zai fara ba. Abin da ke hannu shi ne filtar iska. Ƙurar hunturu kan toshe ta cikin kwanaki, inji ya kasa numfashi, ya riƙa tura baƙin hayaƙi yana rasa ƙarfi. Sai nozul da ya gaji, da tayar tifa da ba ta da isasshiyar iska, da batirin da ya sa direba tsoron kashe mota. Batir ɗaya bai kai kuɗin man da silo na wata guda ke ci ba.

Inda za a rubuta shi

Nijeriya ta yi alƙawari a taron Glasgow na 2021 cewa za ta daidaita fitar da iskar kabon nan da 2060, ta kuma kafa dokar sauyin yanayi a watan Nuwamban shekarar. Manyan ayyukan ƙasa na kewaye da Gobir: titin Sakkwato zuwa Badagry mai kilomita 1,068 da aka ƙaddamar daga Illela a 2024, da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da kamfanin Mota-Engil ke ginawa. Kusa da talaka kuma akwai shirin hanyoyin karkara na RAAMP da shirin gyaran ƙasa na ACReSAL, waɗanda Bankin Duniya ke tallafawa, jihar Sakkwato na cikin duka biyun. Irin waɗannan shirye-shirye sun riga sun saba karɓar rahoton wata-wata daga 'yan kwangila.

Shawarar takardar nan ita ce a ƙara layi uku a wannan rahoto: litar da aka karɓa, kubik da aka danne aka kuma amince da shi, da matsakaicin nisan jigila. Injiniyan da ke sa ido ya riga ya auna kubik ɗin domin da shi ake biyan kuɗi, mai sito ya riga ya rubuta lita, nisa kuwa mitar tifa na nuna shi. Bayan rani biyu, ma'aikatar ayyuka da sashen injiniya na Jami'ar Usmanu Danfodiyo za su sami alƙaluman Gobir na kansu: kubik nawa lita ke dannewa a lakar fadamar Rima, nawa a yashin Gundumi, nawa a watan Nuwamba, nawa a Afrilu.

A ƙananan ayyuka kuma, kamar yashe magudana da gyaran kafaɗar hanya da cike bakin kwalbati, sai a sa farashin amalanken shanu da leburorin gari a gefen farashin katafila kafin a yanke hukunci. Kawo katafila daga Sakkwato a kan tirela, a yi mata rakiya, ta yi aikin kwana biyu ta koma, yana iya cin man da ya fi na aikin kansa, alhali daga Janairu zuwa Mayu shanun huɗa na ɗaure a turke, matasan garin kuma na shirin tafiya cin rani.